Filtar Injiniya Benjamin

Ina cikin alwalar isha'i na ji ƙarar. Ba ta janareta ba ce, ba kukan wata dabba da na sani ba ne. Kamar wani ƙaton abu ne ya kafa baki a kogi yana zuƙa, fuuu, sai ya tsaya ya yi tsaki, ya sake zuƙa. Na ajiye buta, ƙafa ɗaya a wanke ɗaya ba wanki, na bi ƙarar har gidan Injiniya Benjamin. Katanga ɗaya ce ta raba mu a unguwar Majidaɗi, shekara goma sha tara ke nan.

Na same shi a gindin dalbejiya, ya buɗe bonet, ya sunkuya yana jan wayar totur da hannu. Matarsa Lucy na tsaye da tocila, tana haska masa tana kora sauro da gefen zane.

"Malam Zaidu, ka ji ta?" ya ce, bai ko ɗago ba.

"Na ji. Na zaci dorina ce ta hauro daga kogin Mayo Gwoi."

"Wane dorina, Baffa," in ji Lucy. "Kwaɗon ne ya samu sabon hanci."

Kwaɗo take ce wa motar, kuma ba ta yi ƙarya ba. Mota ce ruwan ɗorawa, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ta durƙushe ƙasa kamar za ta yi tsalle. Injiniya ya saye ta hannun wani ɗan kwangila tun yana aiki a garejin ma'aikatar ayyuka. Ba ta iya tsallake kwalbatin ƙofar gidansa sai an shimfiɗa mata katako biyu. A shekara takan fita sau uku ko huɗu, sauran kwanakin tana ƙarƙashin tamfol.

Ya kashe injin, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya daɗe yana mayar da numfashi. Zuciyarsa ce ta yi rauni, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba sa shigarsa. Da ya huta sai ya nuna mini wani baƙin akwatin roba a ƙasa, a tsage, ɓera har ya yi sheƙa a ciki.

"Da can ta nan take shaƙar iska. Na cire shi, na yanke tiyonsa, ba zai koma ba. Ga abin da na sa."

A bakin tiyon akwai wani abu mai kama da hular dara, jiki duk ninki-ninki, ja da shi amma ya dafe da datti. Filta ce, ya ce, ta 'yan tsere, tokumbo daga Legas. Ita ke tace iskar da injin ke sha, kuma ita ke wannan zuƙa.

"To, me ya yi zafi da daren nan?"

"Asabar ta sama ni zan kai Rejoice coci ɗaurin aurenta. Ni da ita, kujera biyu. Tun tana aji uku na yi mata alkawari. Ina so duk Majidaɗi su ji 'yata ta fita."

"Likita ya ce ko bokiti kada ya ɗaga," Lucy ta ce da ni, kamar ba ya wurin.

"Sitiyari bokiti ne?"

Washegari da hantsi na koma. Ni mutum ne da ba ya iya wuce baƙon abu. A aji huɗu karatuna ya tsaya, na yi masinja a ƙaramar hukuma har na yi ritaya, amma in na ga abin da ban taɓa gani ba sai na zauna kusa da shi. Injiniya ya ba ni kujera, ya sa na kwance filtar da hannuna, ya sa na mayar, har sau biyu.

"Ka sassauta kilif da sukudireba. Yawwa. Ka murɗa, kada ka fizga. Wannan ɗan akwatin da ke bayanta kuma kada ka taɓa. Sansa ce. Akwai wata waya a ciki, siririya kamar gashin jariri, ita ke auna iska ta gaya wa injin yawan fetur da zai sha. In ta yi datti injin ya rikice."

Muka wanke filtar a baho da ruwan ɗumi. Ruwa uku muka zubar. Da ta bushe a inuwa sai jan ya tafi, ta koma ruwan toka.

"Ta mutu ke nan?" na ce.

"Ƙishi take ji. Sai an shafa mata jan mai. Man ne ke kama ƙura. In ba mai, yashi ya wuce ya cinye injin."

Ya ɗauko kwalin da ta zo a ciki. Kwalbar man ta fashe a hanya, gefen kwalin duk ya rine ja. Ya ce ya aika a sayo wata a Abuja, direba zai kawo ran Alhamis. Ya jingine filtar a kan taga, ya rufe bakin tiyon da tsumma.

Ran Laraba ya faɗi a banɗaki, aka kai shi asibiti a keke napep. Alhamis mai bai zo ba. Juma'a ma bai zo ba, wai motar direban ta lalace a hanya.

Da la'asar ɗin Juma'a gidan ya cika da matan zumunta, ana yankan albasa, ana gyaran kaji. Lucy ta dawo daga asibiti don ta ga girki. Na tarar da ita a gindin murhu.

"Maman Rejoice, yaya jikin?"

"Ya ce yau zai dawo, ko likita ya yarda ko bai yarda ba. Ba ya tambayan magani, Baffa. Mai, mai, mai. An kawo man? An kawo man?"

Kusa da ita akwai jarkar manja, rana ta bugi gefenta. Na dubi jarkar. Na je na ɗauko kwalin nan na kara shi kusa da ita. Wallahi launi ɗaya. Na daɗe ina dubawa, na ɗiga manjan a gefen kwali mai tsabta, ya bazu kamar yadda wancan ya bazu. A raina na ce wataƙila ma Turawan daga nan suke saye, su zuba a ƙaramar kwalba su dawo mana da shi.

"Me kake gani?" ta ce.

Na gaya mata. Ta goge hannu a zane.

"Mai ai mai ne. Ja ne ko ba ja ba?"

"Ja ne."

"To. Kawo kwano."

Na zaro gashin kaza ɗaya daga cikin na fiffike, na wanke shi, na zauna bayan motar inda ba kowa. Ninki-ninki na bi, ina shafawa a hankali. Ludayi ɗaya ya shige kamar ban sa komai ba. Na koma na karɓo na biyu, sannan na uku. Da na gama ta yi ja jawur, ta fi yadda ta zo kyau. Na cire tsumman, na murɗa ta a bakin tiyo, na ɗaure kilif yadda Injiniya ya koya mini. Ban tayar da injin ba, domin makullin na aljihunsa a asibiti.

Bayan magariba aka dawo da shi. Ina jin Lucy daga tsakar gida tana cewa, "An kawo man. Baffa ya shafa, ya ɗaura. Ka kwanta." Ni ban ce e ba, ban ce a'a ba.

An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Ƙarfe tara Injiniya ya fito cikin baƙar kwat, ƙafa cikin silifan da aka tsaga samansu. Tobias mai walda, maƙwabcinmu na tsallaken layi, ya shimfiɗa katakan nan biyu a kan kwalbati. Aka fito da Rejoice cikin farar riga, ƙawayenta uku suka tattara jelar rigar suka cusa mata a cinya, da ƙyar ƙofar ta rufu. Tana dariya. Mata suka yi guɗa.

Injiniya ya murɗa makulli. Motar ta tashi da ruri ɗaya, har yara suka toshe kunne. Sai ruri ya koma tari. Jikinta ya kama rawa, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban sitiyari. Ya sa giya. Ta gangara a hankali, tana shaƙewa, ta hau katako da tayoyin gaba, ta mutu.

Ya sake murɗawa. Ta tashi, ta mutu. Sau uku.

Ya fito, ya dafa jikin motar har gaba, ya buɗe bonet. Ina tsaye a kafaɗarsa. Sanyin dare ya sa manjan ya daskare a cikin ninkin, ya yi kauri kamar man kaɗanya. Ya shafa da ɗan yatsa, ya kai hanci. Ya juyo ya dube ni. Ya dubi Lucy can bakin ƙofa, ita kuma ta shiga gyaran ɗankwali. Sai ya zaro farin hankici, ya goge yatsan, ya ninke, ya mayar aljihu, ya rufe bonet.

"Oga, batir ne ko?" Tobias ya ce. "Na faɗa, motan da yana kwana ba aiki, batir ɗinsa yana mutuwa."

"Batir ne," in ji Injiniya.

"A tura shi mana!"

"Ba a tura amarya, Tobias."

Ya zagaya ya buɗe wa 'yarsa ƙofa. Ta riƙe hannunsa ba ta fito ba tukuna.

"Dadi, ai ka kai ni. Mun yi tafiya."

"Zuwa ƙofar gida."

"To ba daga gida ake fita ba?"

A motar kawunta ta tafi, Injiniya yana zaune a gaba. Da suka wuce na auna da ƙafata daga gindin dalbejiya zuwa kwalbati. Taku goma sha ɗaya ne.

Bai ƙara fita ba bayan bikin. Ran Litinin direba ya kawo man, 'yar kwalba da ba ta kai tsawon yatsa biyu ba. Ran Talata na tattara ƙarfin hali na shiga ɗakinsa. An jingina shi da filo uku, kwalbar na kan teburin magani.

"Injiniya, na zo ne in ce..."

"Ludayi nawa?"

"Uku."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, har Lucy ta leƙo ta koma.

"Uku! Malam Zaidu, ko na gaske ne, cokali biyu ya ishe ta. Saura albasa da daddawa."

"Ka yafe mini. Alkawarin shekara ashirin na ɓata maka."

"Da me ka shafa?"

"Gashin kaza."

"Na gani. Ba ninkin da ka tsallake. Yaran garejinmu ma ba sa aiki haka." Ya huta. "Ba ta mutu ba fa. Sansa ce ta sha mai. A fesa mata magani, a wanke filtar da ruwan zafi, shi ke nan. Rejoice za ta zo gaisuwa ƙarshen wata. Ni zan mayar da ita gidan mijinta. In na tashi za mu yi, ni da kai."

"Me ya sa ka ce batir?"

"To me zan ce? In ce maƙwabcina da matata sun yi wa mota miya a gaban surukai?"

Bai tashi ba. Ran Litinin ta gaba da azahar ya ce a fito da shi baranda ya sha iska. Lucy ta shiga ɗauko masa kunu, ta fito ta same shi kai ya karkata, hannu ɗaya a kan gwiwa. Ina sallah na ji kukanta ta katanga. Na sallame na zo, ni na rufe masa ido, domin ita ta kasa.

An binne shi ran Juma'a. Na raka su har maƙabarta, na tsaya daga baya ina nawa addu'ar. Motar kuwa tun ranar biki samari suka tura ta suka mayar gindin dalbejiya, ba wanda ya tuna da tamfol.

Kwana uku bayan jana'iza muna zaune a tsakar gida, an kwashe rumfa, saura kujerun roba kaɗan. Rejoice na kwance a tabarma, kai a cinyar uwarta. Lucy na tsintar shinkafa a faranti. Ni ina kallon ƙasa, kamar yadda na saba, sai na ga layin kiyashi. Daga saiwar dalbejiya ya fito, ya ratsa yashi, ya hau tayar gaba, ya shige ƙarƙashin bonet. Wani layin na saukowa ta gefensa. Ba sa sauri, ba sa karo da juna.

Tobias ya bi idona. Ya tashi, ya je ya tsuguna gaban motar, hannu a haɓa.

"Ikon Allah," ya ce. "Baffa, Mama, ku zo ku gani. Me kiyashi yana nema a cikin injin mota?"

Lucy ta tsince wata tsakuwa daga cikin shinkafar, ta ajiye a gefen faranti.