Haƙoran Aisami Biyu

Zaren ya sake kauce wa kafar allura. Aisami ya lashi bakin zaren, ya murza, ya dafe hannun dama da na hagu, amma yatsun ba su bar rawa ba. Rigunan 'yan lakwal, wato makarantar boko, na jibge kan kekensa na ɗinki a kasuwar Gure, tun safe bai gama ko ɗaya ba.

"Ka saurari saƙon da na turo maka?" in ji yayansa Abatcha, wanda ke zaune kan benci yana juya makullin mota.

Ya saurara. Wani mutum ne a waya yake cewa cikon haƙori mai launin toka rabinsa zaiba ce, ita ke sa rawar jiki da mantuwa. Aisami na da irinsa biyu a turamen haƙoransa na ƙasa, tun yana saurayi aka yi masa a Damagaram.

"Na san akwai dalili," Abatcha ya ce. "Mutane na ta surutu wai aikinmu ne. Ashe abin a bakinka yake."

Aikin nasu haƙar zinariya ne, can arewa bayan Agadas. Ramin na Abatcha ne. Aisami shi ne mai ƙonawa, don ba a ba bare wannan amana. Za a murje garin dutse da zaiba har ta kama zinariya, a dunƙula, a ɗora bisa wuta, zaibar ta tashi hayaƙi. A ɗaki yake yi, ƙofa rufe, kada ma'aikata su ga yawan abin da ya fito. Shekaru ya yi haka kafin ya dawo gida ya kama ɗinki.

Da hantsi ya tafi gidan likita. Ma'aikaciyar da ya tarar, Madam Jannat, daga Tawa aka turo ta. Ta haska bakinsa da fitila, ta ƙwanƙwasa haƙoran.

"Cikon nan lafiyarsa lau, malam. Akwai zaiba ciki, gaskiya ne, amma kaɗan ke fita. In aka fasa shi ba da kayan aiki ba, abin da za ka shaƙa ya fi na barinsa. Miƙo hannuwanka."

Ya miƙa. Ta daɗe tana kallonsu.

"Mene ne aikinka?"

"Tela."

"Kafin ɗinki fa? Ka taɓa zuwa wurin zinariya?"

Aisami ya dubi ƙasa. Abatcha ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, keken ɗinkin ma shi ya saya. Duk Gure ta sani. Mutum ba ya zama gaban baƙuwa ya ce hannun da ya ciyar da shi ne ya nakasa shi.

"Noma," ya ce.

"Noma," ta maimaita, ba ta rubuta ba. "To, manomi, ka je Damagaram a gwada jininka da fitsari. Kuma in akwai wani hayaƙi da kake shaƙa a gonar taka, ka nisance shi. Haƙoran ka bar su."

Abatcha na jira a bakin ƙofa. Da ya ji, sai ya yi tsaki.

"Su ne suka cusa maka, ina za su ce laifinsu ne? Taho, ƙanena. Barmo na kasuwa."

Barmo mai cire haƙori ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da masu kanwa. Ya leƙa bakin, ya yi dariya.

"Ni ba na tonon ciko, Alhaji. Ni da saiwa nake ɗaukewa, gubar da gidanta."

"Haka ma ya fi," in ji Abatcha.

Aisami ya zauna. Ya san warin ɗakin nan na arewa, ya san yadda yawunsa ke ɗanɗanon ƙarfe duk ranar ƙonawa. Ya buɗe baki.

Na farko ya fito da sauƙi. Na biyu ya fashe cikin awartaki, sai da Barmo ya dafe masa goshi da gwiwa ya tono sauran. Abatcha ne ya riƙe masa kafaɗu, yana ta sannu. Da aka gama aka cusa masa auduga, Barmo ya zuba masa haƙoran a tafin hannu, ɗaya cikakke, ɗaya gutsattsari.

"Ga maƙiyanka. Kai su gida uwargida ta gani."

"Alhamdu lillahi, an rabu," Abatcha ya ce, yana share hannu da gefen riga. "Ka huta kwana biyu. Motarmu za ta koma arewa bayan kasuwa mai zuwa. Wanda na sa a wurinka ɓarawo ne, ba ni da kowa sai kai."

Aisami ya gyaɗa kai, don ba ya iya magana. Ya dubi tafinsa. Haƙoran na karo da juna, ƙas-ƙas-ƙas, ba mai taɓa su. Ya dunƙule hannun ya sa aljihu, kada yayansa ya ji.