Fitilar Duron Baba Ndaceko

Baba Ndaceko kafinta ne a Tudun Fulani, mutumin Bida, kuma in mai taurin kai ake nema a Minna, to a daina wahala, an samu. A bayan shagonsa akwai injin da ke zuƙar dusar katako ta bututu yana zubawa a wani ƙaton duro. In ana son sanin ko duron ya cika, sai a hau tsani a leƙa ta wata 'yar tagar gilashi. Shi ke hawa, bai taɓa yarda wani ya taka tsanin nan ba.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani, ya yi gum da bakinsa. Ya hau, ya leƙa, ya ga hazo, ya sauko ya ce da saura. Ranar da duron ya cika ya toshe bututu, injin ya ƙone, hayaƙi ya turnuƙe shago, asiri ya tonu. Babban ɗansa Yisa ya sa aka gyara, sannan ya ce, "Baba, in haka ta sake faruwa, rufe shagon za a yi, ka koma Bida ka huta."

Wai hutu. Mutumin da ke bambanta katakon maɗaci da na doka da shafa kawai. Amma tsoro ya kama shi ƙwarai.

Esta, 'yar maƙwabcinsa Shekwolo, wadda ke gyaran rediyo da bidiyo a unguwar Fadikpe, ita ta kawo dabara. Za ta sa fitila a gefe ɗaya cikin duron, a ɗaya gefen kuma wani ɗan abu mai gane haske. In dusa ta taso ta tare hasken, ƙararrawa ta kaɗa.

"Saura zaɓen fitila, Baba," in ji ta.

"Sa babban ƙwan lantarki, wanda zan gani."

"Yana da zafi, kuma dusa ba ta wasa da zafi."

"'Yata, kafin a haife ki nake cikin dusa."

To, ai ga shi. Ba a jima da kunnawa ba hancinsa ya riga na kowa jin ƙauri. Da kansa ya ce ta kashe. Dusar da ta manne wa ƙwan har ta yi baƙi.

Aka koma ƙwan tocila. Wannan bai da zafi, amma da rana ta take sai haskenta ya shigo ta tagar gilashin ya ruɗi abin gane hasken. Duro ya kusa cika, ƙararrawa ko tari ba ta yi ba. Allah ya sa Esta na wurin ta tsayar da injin. Yisa ma na wurin. Ya ce, "Baba, ya isa haka." Esta ta roƙi a ba ta zuwa gobe.

Washegari ta zo da wani ɗan ƙwai da bai fi ƙwayar wake ba, daga cikin mataccen rimot ta ciro shi. Aka kwashe dusa, aka kwantar da duron, ta ɗaura. Ta ce, "Na kunna."

Ndaceko ya durƙusa ya kai fuskarsa kusa. Babu komai, ko ɗan jan nan da yakan gani in an ɗaga masa ashana babu. Ashe idon ya ƙarasa tafiya.

Ya ce a hankali, "Yisa, kana gani?"

Yisa ya leƙa, ya murza ido. "Wallahi, Baba, ban ga komai ba."

"Ni ma ba na gani," in ji Esta. "Babu ɗan Adam da ke ganin irin wannan hasken. Ƙyaftawa yake yi da sauri, shi ya sa rana ba za ta ruɗe shi ba."

"Kada ki lallashe ni da ƙarya don na tsufa."

Ba ta yi musu ba. Ta jona wata 'yar lasifika a jikin abin, sai ga wani siririn kuka kamar na sauro. Ta kama hannun tsohon ta sa a tsakanin ƙwan da abin gane hasken. Kukan ya ɗauke, ƙararrawa ta kaɗa. Ya janye, kukan ya dawo. Ya sake sawa, ya sake janyewa. Ya juya tafinsa yana shafawa, babu zafi, babu alama, amma wani abu ya faɗa a kansa tabbas.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe akwai hasken da ya halitta bai ba kowa idon ganinsa ba. Mai ido da mara ido, duk ɗaya muke a gabansa."

Yisa ma ya sa nasa hannun, ƙararrawa ta kaɗa masa kamar yadda ta yi wa ubansa. Daga nan maganar Bida ba ta sake fitowa daga bakinsa ba.

Da aka tayar da duron, Ndaceko ya lalubi tsanin ya miƙa wa ɗansa. "Kai wa uwarka ta riƙa tsinkar gwanda," in ji shi. Sannan ya shafa katakon da ke kan benci, ya ce maɗaci ne, ya kunna injin.