Inuwar Igiya a Kan Kabarin Ummusalma

A shagon Gajere da ke bakin kasuwar tattasai ta Diffa, sukari da ganyen shayi ne na sayarwa, labarin tashin duniya kuwa kyauta ake ba da shi. Gajere Badamagare ne, dogo sambal, wanda ya laƙaba masa sunan ya yi gaggawa. Duk abin da wayarsa ta faɗa da safe, kafin azahar ya zama wa'azi.

Ran nan Ɗalha, wani dattijo mai noman tattasai a Shetimari, ya shigo sayen gishiri ya tarar an yi cincirindo ana sauraron wani mutum a wayar. Mutumin yana rantsuwa cewa maganaɗisun da ke cikin ƙasa ya fara juyawa, arewa za ta koma kudu, allurar busol, wato kamfas mai nuna alƙibla, kuma ta daɗe da daina faɗin gaskiya. Wai masanan jami'a sun sani sarai, sun ɓoye ne don kada a gane wutar lantarkin rana ce ke tafiyar da sammai, saɓanin abin da suke koyarwa.

Wasu suka yi salati, wasu suka yi dariya. Ɗalha kuwa gabansa ne ya yanke ya faɗi.

Shekarun baya, da tashin hankali ya koro su daga garinsu na tsallaken kogin Komadugu, sun sauka ne a bakin kwalta kusa da Shetimari. Matarsa Ummusalma ba ta jima a can ba, zazzaɓi ya tafi da ita. Damina ce, hadari ya rufe sama ruf, babu masallaci, babu tsohon kabari da za a yi koyi da shi, kowa baƙo. Cikin ɗan abin da Ɗalha ya tsira da shi akwai darduma mai busol a goshinta, tsarabar hajjin wansa. Ita ya shimfiɗa, ya duba allura, ya ja wa masu haƙa layi da sanda. Duk wanda ya rasu bayanta kuma, layinta aka bi. In allurar nan ƙarya ta yi masa, to ya kwantar da matarsa tana kallon wani wuri da ba alƙibla ba, da ita da maƙabarta guda.

Ya koma gida bai sayi gishirin ba. Tuwo ya daina shiga, in ya tayar da salla sai ya riƙa jin kamar shi ma bango kawai yake fuskanta. Tsoro ya ji, da kunya irin ta wanda aka ba amana ya yi sakaci.

Da kasuwa ta zagayo ya dawo shagon don ya ji ƙarshen zancen, sai ya tarar Gajere ya gamu da daidai shi. Madam Hasna, mai koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare, ta zo sayen sabulu, gardama ta riƙe ta.

"Madam, ki faɗi tsakaninki da Allah," in ji Gajere, "maganaɗisun nan ya taɓa juyawa ko bai taɓa ba?"

"Ya taɓa, ba sau ɗaya ba ma. Alamar tana nan cikin duwatsun ƙarƙashin teku."

"To kun ji! Ta amsa da bakinta!"

"Tsaya mana, Alhaji. Na ƙarshen ya faru tun ɗaruruwan dubban shekaru, kuma ba ya juyawa kamar waina a tanda, sai ya ɗauki dubban shekaru yana yi. Abin da muke karantar da yara a aji, shi ne aka ɓoye?"

"Yaushe ne na gaba, tunda kun san komai?"

"Ba mu sani ba," ta ce. "Mutumin wayarka ma bai sani ba. Bambancinmu, mu muna faɗa."

Aka kwashe da dariya. Gajere ya ce ai wanda ya ce bai sani ba ya sauka daga kujerar malanta. Da an bar su, da sun kai la'asar, don dukansu biyu gardama abincinsu ce. Muryar Ɗalha ce ta katse su.

"Ƴata, allurar tana motsi ko ba ta yi?"

"Tana ɗan karkata kaɗan-kaɗan cikin shekaru, Baba. Me ya faru?"

Ya gaya mata duka, a gaban mutane, abin da bai gaya wa ko ƴaƴansa ba. Gajere ya kashe wayarsa ya cusa a aljihu.

Madam Hasna ta ce karkatar ba ta kai ta ɓata alƙibla ba, amma ta ga maganar ba ta shige shi ba. Mutumin da baki ya tsorata, ba baki ne zai warkar da shi ba, sai ido.

"Baba, bar batun allura," ta ce. "Ka'aba ba ta gusa ba, rana ma tana kan hanyarta. A ƙarshen watan Mayu akwai ranar da take tsayawa daidai saman Ka'aba, a nan wajenmu da hantsi ne. Wanda ya fuskanci rana a lokacin, alƙibla ya fuskanta. Ka rataya igiya da abu mai nauyi a gabas da kabarin. In inuwarta ta ratsa shi a gicciye, kabarin ya yi daidai. Ni zan kira ka in lokacin ya yi."

Jiran ya yi wa Ɗalha tsawo. Kogi ya ƙafe, zafi ya kai inda ya kai, shi dai ƙirgen kwana yake.

Ranar da aka sa, abin mamaki, Gajere ya bar shago a hannun ƙanensa ya hau babur har Shetimari. Ya ce ya zo ne ya ga yadda ilimin Madam zai ji kunya, amma ga igiya sabuwa fil ya sayo, ga kwalbar ruwa da za a ɗaure a bakinta. Tsawonsa ya yi rana. Ya tsaya a gabas da kabarin, ya ɗaga hannu sama, kwalbar tana lilo har ta natsu.

"Malam Ɗalha, in inuwar ta karkata fa?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Sai in roƙi Allah gafara, Ummusalma ma in roƙe ta."

Waya ta yi ƙara. "Yanzu, Baba," in ji Madam Hasna.

Ɗalha ya kasa dubawa da farko. Da ya sauke ido, ga siririyar inuwa ta taso daga ƙarƙashin kwalbar, ta hau tudun kabarin, ta ratsa shi a gicciye kamar an gwada da ma'auni. Ya dubi na kusa da shi, da na gaba, duk a jere suke da shi.

"Allahu akbar," in ji Gajere, hawaye na bin gemunsa. "Amma fa batun lantarkin rana ban janye ba."

Ɗalha bai ji shi ba. Ya riga ya durƙusa, ya dafa ƙasar mai zafi da tafin hannu, farin ciki ya cika shi.

"Ummusalma," ya ce, "kwanta abinki. Ban karkatar da ke ba."