Ranar da Malama Ta Daina Dariya

Kafin haihuwarta ta uku, malamar aji huɗu tana da wata irin dariya da ake jiyowa har ofishin hedimasta. Kai take jefawa baya, tana dukan tebur, hawaye na zuba. Sati biyu da komawarta aiki bayan haihuwar, malamin lissafi ya kwaikwayi tafiyar mai duba makarantu a ɗakin malamai, ta tuntsire, sai ta ji ɗumi yana bin cinyarta. Fitsari ne. Ta ɗora jaka a kan cinya, ba ta motsa daga kujerar ba har aka tashi.

Daga ranar ta yi sallama da dariya. Atishawa ma sai ta harɗe ƙafafu kafin ta bari ta fito. Ta rage shan ruwa, ta koma sa kaya masu duhu, ba ta gaya wa kowa ba.

Duniya kuwa, da yake ba ta rasa fassara, kowa ya kawo tasa. Hedimasta ya ce Malama ta nutsu, ya naɗa ta shugabar kwamitin ladabtarwa. Surukarta, Inna, wadda ko ɗanta bai taɓa ganin haƙoranta ba, ta gyaɗa kai ta ce, "Yanzu kika zama babbar mace. Uwar 'ya'ya ba ta wage baki."

Maigidanta ne ya shiga uku. Mutum ne mai barkwanci, kuma a duk faɗin duniya matarsa kaɗai ke yi wa barkwancinsa dariya tsakani da Allah. Da ya ga yana magana tana ɗaure fuska tana barin ɗakin, sai ya ɗauka wani laifinsa ta gano. Ya fara tona wa kansa asiri ɗaya bayan ɗaya.

"Maman yara, dutsen gugar nan ni na ƙona shi, ba wutar lantarki ba."

Bayan kwana biyu kuma: "Ranar da na ce taya ce ta fashe, ƙwallo na tsaya kallo."

Ita kuwa tana cije leɓe, dariya na cinta, tana tsoron jiƙa kujerar falo. Shi yana ganin fushi ne, sai ya ƙaro wani.

Abin ya daina zama wasa ranar da 'yarta mai shekara biyar ta yi mata rawar da ta koyo, ta tsaya tana jiran dariya, ba ta samu ba. Yarinyar ta ce, "Mama, kin daina sona ne?" Wannan maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Washegari, wajen rigakafin jariri, ta sunkuyar da kai ta gaya wa nas matsalarta, da muryar mai amsa laifin sata.

Nas ɗin ko gira ba ta ɗaga ba. "Ke ce ta shida yau. Ɗaki na ƙarshe, hannun hagu."

Likitar da ke ɗakin ta duba ta, ta ce naman da ke tallafe da mafitsara da mahaifa ne ya saki saboda ciki da naƙuda, kuma yana komawa in an motsa shi.

"Ki matse kamar kina riƙe fitsari da iska lokaci ɗaya. Ki ƙirga biyar, ki saki. Sau goma, sau uku a rana, kuma ban da riƙe numfashi. Ki koma shan ruwanki. In wata uku ya yi ba sauyi, muna da wasu hanyoyin."

"Shi ke nan? Ba allura?"

"Haƙuri dai."

A zaman kwamitin ladabtarwa Malama ta fi yin matsewar da likita ta koya mata. Za ta kafe yaro da ido tana ƙirga biyar a zuci, kafin ta saki ya riga ya faɗi wanda ya fasa tagar har da waɗanda suka taya shi. Hedimasta ya yabe ta a gaban iyaye.

Wata huɗu bayan haka, ranar wata Asabar, Inna ta zo ganin jikoki. Maigidan ya fito daga ɗaki da hular jariri a tsakar kansa, yana tambayar ko an ga hular jariri. Dariyar ta ƙwace wa Malama. Ta yi ta har da dukan tebur, 'yarta na tsalle, maigidan ya tsaya kamar an yi masa afuwa daga kurkuku. Da ta lafa ta shafa kujerar, a bushe take.

A lokacin ta lura da Inna. Gefen bakin tsohuwar na rawa, ta harɗe ƙafafu tamau, sannan ta miƙe a hankali ta nufi banɗaki. Malama ta san wannan tafiyar. Ta bi ta, ta jira a bakin ƙofa har ta fito.

"Inna, tun yaushe?"

Tsohuwar ta daɗe tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Tun haihuwar mijinki."

Daga falo suna jiyo shi yana wata sabuwar shegantakar, yara na ƙyalƙyatawa.

"Ja'irin nan tun yana ƙarami yake da ban dariya," in ji Inna, muryarta ƙasa ƙasa. "Shekara talatin da takwas yana ƙoƙari a kaina." Ta share ido da bakin mayafi. "Ita likitar taki, tana duba tsofaffi?"