Layin Alli a Ƙarƙashin Gada

Tana durƙushe a gindin gadar, ta ɓangaren kasuwa, sai ta ga wata roba. Baƙa ce mai kaurin tafin hannu, an shimfiɗa ta tsakanin ƙarfen gadar da ginshiƙin siminti. Ta danna ta da yatsa.

'Yar Shiru ma'aikata suke kiranta, don tun da ta fara aiki a kamfanin ba wanda ya taɓa jiyo muryarta daga nesa. Ita aka ba lissafin wannan gada ta masu tafiya a ƙafa, wadda ta haɗa tashar mota da kasuwa ta saman babban titi, kuma yau ake gwada ta. An rufe hanya, an jera tankuna a bisa gadar, motar ruwa na jira. Daga tsakiyar gadar an sako waya da wani ɗan ƙarfe mai tsini, yana reto a gaban katakon da aka kafa a kan kwalta. A jikin katakon akwai layin alli, inda lissafinta ya ce tsinin zai tsaya idan nauyin ruwa ya danne gadar. Can ƙasa kuma akwai jan layi na haɗari. Sharaɗin jami'in hukuma ɗaya ne: tsini ya wuce alli, a rufe gada a koma bincike.

Ita kuwa abin da ta faɗa wa kwamfuta shi ne bakin gadar duka biyu a damƙe suke cikin siminti, ba motsi. Ga shi wannan bakin a kan roba yake zaune, yana iya ɗan sunkuyawa.

"Baba Mai Usur," ta ce da shugaban ma'aikata, "yaushe aka sa wannan?"

"A'a! Yau 'Yar Shiru ce da tambaya? Ai Babban Injiniya ne ya ce a sa, don ƙarfe ya samu wurin miƙa idan rana ta yi zafi. Ba su gaya miki ba?"

Ta girgiza kai. Ta buɗe kwamfutarta a kan gaban wata mota, ta kare fuskar da inuwar jikinta. Ba ta ankara ba sai ga Ummanta a gefenta, ta bar rumfar yadinta ta zo kallo. Shekara da shekaru Umma na tsallaka titin nan da ciwon gwiwa, tana ɗaga wa motoci hannu suna zaginta da hon.

"Auta, me ya sa kika yi zuru-zuru haka?"

"Umma, tsakiyar nake nema."

"Ga ta can kina gani, sai an nema?"

"Inda za ta sauka nake nufi. Ba wanda ya sani. Baki biyun kaɗai muka sani. Sai na yayyanka gadar ɗigo-ɗigo a nan ciki, kowane ɗigo ya dubi maƙwabtansa ya gyara tsayuwarsa, a yi ta maimaitawa har kowa ya daina motsi. In na yi kuskuren baki ɗaya, duk layin ya karkace."

"Kamar yadi ne kenan. In mai riƙe da gefe ya sassauta, ciki ya zubo."

'Yar Shiru ta gyara sharaɗin bakin a kwamfutar, ta danna. Ɗigogin suka girgiza, suka yi ƙasa, suka lafa. Gadar lafiya lau take, nesa da jan layi. Amma tsinin zai wuce allinta da faɗin yatsa biyu.

Mai Usur ya riga ya kai usur baki. Ta ji wata murya ta ce, "A dakata!" Sai da kowa ya juyo sannan ta gane tata ce.

Ta yi wa Babban Injiniya bayani, ta ce sai an ja sabon layi. Ya dubi fuskar kwamfutar, ya je ya leƙa robar, ya dawo yana sosa ƙeya. Jami'in hukuma dai ya haɗe rai.

"Malama, wato a matsar da layi don gadarku ta ci jarrabawa?"

"Ranka ya daɗe, shi ya sa na faɗa tun ba a zuba ko ɗigon ruwa ba. In tsinin ya tsaya sama da sabon layin ko ƙasa da shi, ban san gadar nan ba. Ka rufe ta."

Jami'in ya miƙa mata allin. Ta auna, ta ja sabon layi.

Usur ya yi ƙara, ruwa ya fara shiga tankuna. Da farko ba abin da ya faru. Can tsinin ya soma sauka a hankali, kamar mai gudun tada barci. Duk ƙaton ƙarfen nan da aka ɗaga da ƙugiya, shi ne yake rusunawa shiru a kan kawunansu. 'Yan kasuwa suka bar ciniki. Tsinin ya iso tsohon layi, ya wuce, wata mata ta yi salati. Tankin ƙarshe ya cika ya tumbatsa. Tsinin ya ƙara gangarowa kaɗan, ya yi ɗan lilo, ya tsaya a kan sabon allin.

'Yar Shiru ta dubi tsinin. Ƙarfen bai taɓa ganin kwamfutarta ba, bai san ɗigoginta ba, amma ga shi ya zo daidai inda suka ce.

"Ikon Allah," Mai Usur ya ce a hankali. "Yarinya, ashe da ƙarfe kike hira, shi ya sa ba kya kula mu."

Jami'in ya durƙusa har gwiwar wandonsa ta taɓa kwalta, ya ƙura wa layin ido, ya miƙe ya zaro biro ya sa hannu.

Da aka sauke ruwan, tsinin ya koma inda ya fito. Umma ta riga kowa zuwa matakala, tana hawa tana dafa gwiwa. A tsakiyar gadar ta tsaya, ta leƙa titin da ya daɗe yana ba ta tsoro.

"Auta, nan ne wurin da kika yi ta nema?"

"Nan ne, Umma."

Umma ta gyara tsayuwa, ta ɗan buga ƙafa.

"To ni nawa na saukar da ita?"

'Yar Shiru ta buɗe baki, don ta san amsar, ba ta kai kaurin gashi ba. Sai ta fasa, ta kama hannun Umma suka ƙarasa tsallakawa.