Ƙaramar Tukunyar Gwaggo Adawiyya

Shekara ashirin da huɗu Adawiyya ta yi tana girki a gidan yayanta Malam Ya'u da ke Kudan. Ta koma gidan ne lokacin da aurenta ya mutu, ba ta taɓa haihuwa ba, da niyyar ta gama idda ta ga abin da Allah zai yi. Iddar ba ta cika ba matar Malam Ya'u ta rasu wajen haihuwa, ta bar yara uku: Imrana mai shekara tara, Munira mai shida, da jaririn da aka raɗa wa suna Saifuddeen. Adawiyya ta goya jaririn, ta shiga madafi. Manema sun zo, har da wani malamin makaranta daga Hunkuyi da ya yi ta sintiri kusan shekara biyu. Kullum amsarta ɗaya ce, a bari yaran su ɗan tasa. Kafin su tasa manema sun daina zuwa.

Malam Ya'u manomin rake ne. Lokacin sara, ban da mutanen gida akwai 'yan ƙwadago goma ko fiye da za a kai wa abinci gona. Da kwanon awo Adawiyya take ɗibar shinkafa, ba ta san gwangwani ba sai a wajen manja.

Bara Malam Ya'u ya rasu. Da aka zo rabon gado malamin da ya raba ya faɗi abin da kowa ya sani, 'yar'uwa ba ta da kaso idan mamaci ya bar ɗa namiji. Adawiyya ba ta ja ba, hukuncin Allah ne. Ba ta dai yi zaton za a sayar da gidan ba. Imrana yana aiki a Ikara, can ya kama gida da matarsa Jamila. Saifuddeen yana Kaduna. Munira tana aure a Makarfi tana koyarwa a firamare. Suka taru suka ce ba mai zama a Kudan, suka kama wa gwaggonsu ɗaki ciki da falo a gidan haya a Makarfi, wai don ta kasance kusa da Munira.

Wata bakwai ke nan tana ɗakin, amma hannunta ya ƙi koyon girkin mutum ɗaya. In ta ce ta ɗebi kaɗan, sai ta ga tukunya ta cika. Da fari tana miƙa wa matan gidan hayar, har ta lura sun fara karɓa da kunya, wata ma ta ce mata maigidanta ya hana. Ta koma ɗumame, ɗumamen ma ya yi yawa ya lalace. Ga hayaƙin gawayi ya sa mata tari, gas kuwa tsoronsa take ji tun da ta ga wadda ya ƙona.

Ranar kasuwar Makarfi da hantsi Munira ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi tari da ƙafa. Idonta ya sauka a kan roba cike da shinkafar jiya da ta fara yauƙi.

"Gwaggo, wannan ai asara ce. Yaya Imrana ya ce in raka ki kasuwa mu sayo miki tukunyar shinkafa ta lantarki. Ki zuba, ki danna, ta dafa da kanta ta kashe. Layinku ai ana samun wuta da rana."

"Imranan ne ya ce?"

"Shi ya ce."

"Ya jikin Jamila? Watan haihuwarta ai ya kama."

"Da sauƙi," in ji Munira, tana gyara mayafi. "Tashi mu je kafin rana ta yi."

Suka ratsa ta wajen masu rake da mazarƙwaila, suka shiga layin masu kayan wuta. Shagon wani dattijo ne mai suna Maiwada, fankoki a rataye, dutsen guga da butocin dafa ruwa jere a kanta. Bayan gaisuwa Munira ta faɗi abin da ya kawo su. Ya sauko da kwalaye uku ya buɗe a gabansu.

"Hajiya, kafin komai, mutum nawa ne a gidan?"

Munira ce ta ce, "Ita kaɗai ce."

"To an gama," in ji Maiwada. Ya tura babbar gefe. "Wannan ta masu taro ce, ba ruwanki da ita. Ga ƙaramar nan, lita ɗaya. Gwangwani ɗaya zuwa biyu take ɗauka. Ba ta jan wuta, ko an kawo ta ba ƙarfi za ta dafa. Masu bautar ƙasa da gwauraye ita suke saya."

Adawiyya ta ɗaga ƙaramar da hannu ɗaya. Ko kwanon da take zuba wa Saifuddeen abinci yana ɗan sakandare ya fi ta girma. Ta ajiye, ta ja ta tsakiyar, ta buɗe murfin ta leƙa.

"Wannan fa?"

"Wannan ta mutum biyar ce zuwa shida. Tana da kyau, har da kwandon turara a sama. Amma in gaya miki gaskiya, in kika zuba gwangwani ɗaya a cikinta shinkafar baje wa za ta yi a ƙasa ta bushe. Kuma tana son wuta mai ƙarfi."

"Tana ƙanzo?"

Maiwada ya yi dariya. "Hajiya, ai don gudun ƙanzo aka yi su."

"Ita nake so."

"Haba Gwaggo," in ji Munira. "Me za ki yi da ita? Matsalar da muke gudu ke nan."

"Ke ba ki da lissafi. In Jamila ta sauka ai ni zan je in zauna mata wankan jego, wa take da shi a Ikara? Sai in tafi da ita, mai jego ba ta jiran a hura wuta. Kuma da Salla in kun zo gaishe ni ku da yaranku, a wannan 'yar mitsitsiyar zan dafa muku? In ba ku loma ɗai-ɗai?"

Munira ta ɗauki kwalin ƙaramar tana karanta rubutun jikinsa kamar za a yi mata jarrabawa a kai.

Ana cikin haka wata mata ta shigo neman fitila mai caji. Hafiza ce, maƙwabciyarsu ta Kudan, katanga ɗaya ta raba su shekara da shekaru. Ta rungume Adawiyya, aka yi ta gaisuwa, aka tambayi na gida ɗaya bayan ɗaya.

"Barka, barka!" in ji Hafiza. "Ashe an samu ƙaruwa. Ranar suna na yi ta baza ido a Ikara ban gan ki ba, aka ce ƙafa ce ta matsa miki. Yarinya tubarkalla, goshin Malam Ya'u sak."

Adawiyya ta dubi Munira. Munira ta dubi ƙasa.

"Ƙafar da sauƙi," in ji Adawiyya. "Yaushe ma aka yi sunan? Kwanakin sun rikice mini."

"Asabar ɗin nan da ta wuce mana. Halimatusa'adiya, sunan mahaifiyar Jamila. Ita ce ma ta zo daga Zariya take zaune da ita."

Hafiza ta zaɓi fitilarta, ta yi sallama ta fita. Maiwada ya juya baya ya shiga gyara kwalayen da ba su buƙatar gyara.

"Gwaggo, wallahi ba yadda kike zato ba ne," in ji Munira ƙasa-ƙasa. "Aiki aka yi wa Jamila, hankalin kowa ya tashi. Yaya ya ce kada a gaya miki sai an sallame su, saboda hawan jininki. Daga baya kuma gidan ya cika da dangin Jamila, ɗaki biyu ne, ba inda za ki kwanta. Ya ce in an watse zai zo da kansa ya ɗauke ki."

"Ke kin je?"

"Na je."

"Saifuddeen fa?"

"Ya zo."

"Hafiza ma ta je, daga Kudan." Adawiyya ta gyaɗa kai. "Shi ya sa aka tuna da ni da tukunya."

"Gwaggo, don Allah..."

"Ranar da aka kai Imrana makarantar kwana, a bakin mota ya riƙe mini zane yana kuka, ya ce in ya girma ya haifi mace sunana zai sa. Ban riƙe shi da wannan ba, maganar yaro ce. Amma a ce an yanka rago, an ci, an watse, ina nan Makarfi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ina tambayarki jikin Jamila kina ce mini da sauƙi?"

Munira ta fara hawaye. Adawiyya ba ta lallashe ta ba, karo na farko tun tana 'yar shekara shida. Ta mayar da murfin tukunyar tsakiyar ta rufe, ta tura wa Maiwada.

"Malam, ɗaure mini ƙaramar."

"Hajiya, in ta tsakiyar kike so, ai..."

"Ka tambaye ni mutum nawa ne a gidan, an ba ka amsa. Ɗaure."

Ya haɗa ta da wuta ya nuna mata yadda ake yi: ga layin ruwa a ciki, ga abin dannawa, in jar fitila ta koma ruwan ɗorawa ta nuna. Ya ce kada ta sa cokalin ƙarfe, zai kankare cikin. Ta saurara sosai, ta sa ya maimaita. Munira ta miƙa hannu za ta ɗauki kwalin, Adawiyya ta riga ta. A bakin kasuwa ta ce mata ta wuce gida, yara sun kusa tasowa daga Islamiyya, ita ta san hanya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Imrana ya zo. Da gani Munira ta gaya masa komai. Ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ya yi gaisuwa mai tsawo. Tukunyar tana kan ƙaramin tebur, fitilarta ta koma ruwan ɗorawa, ɗakin yana ƙamshin shinkafa da wake.

Ya yi bayani, kusan kalma-kalma irin na Munira. Ya ƙara da cewa sunan ba shi ya zaɓa ba, halin da Jamila ta shiga ne ya sa ya bar mata. Ya fito da waya ya nuna mata hoton jaririyar. Adawiyya ta karɓa ta duba da kyau.

"Allah ya raya ta, ya sa mai jin ƙan iyayenta ce."

"Amin, Gwaggo. Ki yafe mini."

"Na yafe."

Ya jira sauran magana, ba sauran. Can ya dubi tebur ya ce, "Tukunyar tana yi kuwa?"

"Tana yi."

Ta tashi ta buɗe ta, ta juye abin da ke ciki a faranti ɗaya, ta zuba mai da yaji. Imrana ya gyara zama. Tun yana yaro bai taɓa shiga inda take ba ta ajiye masa kwano a gaba ba, ko da ya ce ya ƙoshi. Ta koma kan tabarmarta da farantin, ta yi bisimilla.

"Ka yi haƙuri, ban san kana tafe ba. Gwangwani ɗaya na sa."

Ta ci, yana zaune. Abincin bai yi mata daɗi ba, amma ta cinye. Da ya tashi tafiya ta ba shi ruwa a kofi, ta raka shi bakin ƙofar ɗaki, ba ta kai zaure ba. Bayan ta ji tashin mashin ɗinsa ta zauna ta yi kukan da ba ta yi a kasuwa ba.

Sai da aka yi arba'in ta je Ikara, a motar haya, ba ta jira a zo ɗaukarta ba. Ta kai turmin atamfa da sabulai da 'yan kayan jarirai. Falon cike yake da 'yan'uwan Jamila. Da ta shiga wata daga cikinsu ta tambaya wace ce, Jamila ta ce, "Gwaggon Abban Halima ce, ƙanwar babansu." Imrana yana tsaye a bakin ƙofa, bai ƙara komai a kai ba.

Aka miƙo mata jaririyar. Ta riƙe ta, ta tofa mata addu'a, ta gyara mata hular da ta zamo. Yarinyar ta fara mutsu-mutsu, kakarta ta wajen uwa ta miƙo hannu ta ce, "Kawo ta, Hajiya, ba ta saba da baƙi ba." Adawiyya ta miƙa.

Da la'asar ta ce za ta koma. Imrana ya ce, "Gwaggo, da kin kwana." Ta ce a'a, ta bar shanya a waje kuma ga hadari. Ba wanda ya sake cewa ta kwana. Ya kai ta tasha, ya tsaya har mota ta cika. Ta samu wuri a baya kusa da taga, tsakanin wata mai kwandon tumatir da wani mai buhun barkono, ta yi ta atishawa har Makarfi.