Fim Ɗin da Tela Ke Nema

Ran Litinin Tela ya aiko a kira ni. Shi ba mai aike ba ne. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare, in yana nemana da ƙafarsa yake zuwa, ya tsaya bakin ƙofa yana zagina har in fito. Da na ji an ce aike ne, takalmi ma wari da wari na zura.

Na same shi zaune gaban keken ɗinkinsa, an lulluɓe keken da tsohon zanin gado. Idonsa na hagu ya daɗe da tafiya. Na daman ne ya rage, shi ma likita ya ce ran Juma'a da safe za a yi masa aiki, ko a dace ko a rasa shi gaba ɗaya. Bai ɓoye masa ba.

"Ofareta," ya ce. Sunan da ya bi ni ke nan tun ina haska fim a silima. "Kwana huɗu gare ni. Akwai fim ɗin da nake so in ƙara gani."

"Wanne?"

"Mai Gadin Gada."

Na yi dariya. "Duk finafinan duniya ka rasa wanda za ka nema sai wanda ya girmi haƙoranka?"

"Haƙorana na roba ne, bara aka yi su. Ka nemo mini. Shi ne fim na farko da na kai mai ɗakina, Allah ya jiƙanta. Mutumin nan mai gashin baki yana tsaron gadar jirgin ƙasa, ƙaninsa ɓarawo, ga yarinya mai sayar da furanni. Daga ƙarshe ya aure ta a cikin kwalekwale. Kai ka haska shi, kada ka ce mini ka manta."

Ban manta ba, amma ga inda gizo ke saƙar. A zamaninmu ba mu kiran fim da sunansa. Sunayen na wani yare ne, dogaye, harshe ba ya juya su. Mai sayar da tikiti ne yake leƙa fim da safe, ya ɗauki alli ya rubuta a allo abin da ya ga dama, shi ke nan suna ya zauna. Mai Gadin Gada sunanmu ne mu kaɗai. Wanda ya yi fim ɗin ma in ka faɗa masa, sai ya tambaye ka wane ne haka.

Talata tun ba a gama buɗe shaguna ba ina wurin Mai Faifai, mai sayar da finafinai. Mutum ne mai tumbi da waya biyu, yana ji da kansa wai babu fim ɗin da ya gagare shi. Na ba shi labari, ya danna waya, ya danna. Waya ta kawo gada ta fi ɗari, har da gadar haƙori.

"Baba, ba ni suna. Ko shekara. Ko sunan jarumi."

"Gashin Baki muke ce masa."

"Baba, a lokacinku har matan ma gashin baki gare su."

Da ya ga na ƙi tafiya, ina ta kai da kawowa ina tare masa masu saye, sai ya jawo wani littafi daga ƙarƙashin kanta ya miƙo mini. Littafin jagoran finafinai ne, takarda mai sheƙi, hotuna masu launi, ƙamshin sabunta bai bar shi ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, harafi ɗaya ɗaya nake tsinta kamar mai tsince tsakuwa a hatsi, amma na iya ƙirga taurari. Kowane fim a ciki tauraro huɗu ko biyar. Har wani da na san sai da 'yan kallo suka jefi allo da takalma, an ba shi biyar. Na ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama kan bencin silima cinnaka ya cije shi ba, bayan kwalin faifai kawai ya kwafa. Dillali ne, kowace akuya a wurinsa mai haihuwar tagwaye ce.

Amma ba a rasa nono a ruga. Can wajen ƙarshe na ci karo da wani ɗan hoto kamar tambarin wasiƙa, sai ga mutumina, gashin baki ya miƙe kamar ƙahon keke. A ƙasa an rubuta sunansa. Na sa Mai Faifai ya kwafe mini a bayan kwalin ashana.

"To ga suna, danna."

Ya danna. "Baba, mutumin nan fim sittin da uku ya yi. Wayar ma rabi ta sani, kuma ba ta faɗi labarinsu ba."

Daga nan gida na yi, na shiga jan akwatuna daga ƙarƙashin gado. Ranar da aka rufe silimarmu aka mai da ita ɗakin ajiye siminti, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Wani fanka, wani benci. Ni littafin Manaja na ɗauka, wanda yake dubawa kafin ya yi odar fim. Kaurinsa ya kai bulo, bangon ya tafi, ɓera ya ci gefe ɗaya, rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, hoto ko ɗaya babu. Na zauna da shi, na tashi da shi, ban iya cire ko kalma ba. Abinci ma a tsaye na ci.

Laraba da la'asar babbar 'yata ta zo. Malamar makaranta ce, ita ta san yaren littafin. Ko jaka ban bari ta ajiye ba.

"Baba, in sha ruwa mana."

"Kya sha. Baffanki Tela kwana biyu ya rage masa."

Ta juya littafin ta baya, sai ga jerin sunayen 'yan wasa, kowa da finafinansa a gabansa da lambar shafi. Shekara talatin littafin yana ɗakina ban san yana da ƙofar baya ba. Ta sami Gashin Baki, muka fara bi ɗaya ɗaya. Kowane fim, mai littafin ya sa shekara, ya sa minti nawa ne, ya ba da labari a layi biyar har ƙarshensa, sannan ya yanke hukunci. Marowaci ne a wajen tauraro, kamar daga aljihunsa yake cirowa. Wani fim ya ba shi ɗaya, ya ce dokin ya fi jarumin iya wasa. Na buga cinya, don na tuna dokin. Wani ya ce in ka yi barci a tsakiya ba ka yi asarar komai ba, ni kuwa a ɗakin majigi na sha yin barcin. Wannan ya zauna ya kalla. Da a ce na san shi, da kyauta zai riƙa shiga.

Ita tana karatu, ni ina zagaye ɗaki. In leƙa taga, in dawo, in gyara labule da ba abin da ya same shi.

"Baba, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri."

A na arba'in da ɗaya ta ɗaga yatsa. "Mai tsaron gadar jirgin ƙasa. Ƙaninsa ɓarawo. Mai sayar da furanni."

"Shi ne! Ci gaba!"

"Ambaliya ta karya gadar, ya tsaya da fitila ya tsayar da jirgi, ruwa ya tafi da shi. Tauraro huɗu."

"Ƙarya yake! Aure aka yi a kwalekwale. Da hannuna na haska."

"Tun ɗazu kana cewa mutumin nan ba ya ƙarya."

"To yanzu ya fara."

Ba ta kula ni ba, ta ci gaba da bin jerin. Biyu a gaba ta sake tsayawa. Shekara ɗaya, jarumi ɗaya, jaruma ɗaya. Masunci ne a nan, ya kori masu fashin teku, aka ɗaura aure a kwalekwale. Tauraro ɗaya da rabi.

A nan na tuna, na jawo kujera na zauna.

Fim a lokacin a gwangwani yake zuwa, naɗi biyar ko shida. Mu da wata silima a ɗaya gefen gari muke raba finafinai, akwai mai keke da aikinsa ke nan, ya kai wannan gwangwani ya ɗauko wancan. Ranar farko da muka sa Mai Gadin Gada, ina cikin naɗi na huɗu ya iso yana haki, na buɗe na biyar, na ɗaga wa fitila, sai na ga teku. Ya ɗauko na wani fim. A ƙasa mutum ɗari shida, kuma na san su. In allo ya yi fari minti biyu, benci ne zai fara tashi sama. Na duba da kyau, gashin bakin nan dai shi ne, yarinyar ita ce. Na ce bismillah na zura. Wallahi tafin da aka yi ranar ban taɓa jin irinsa ba. Ba wanda ya tambayi ina gada ta tafi. Washegari gwangwanin gaskiya ya zo, muka kalla ni da Manaja, muka ga ruwa ya ci mutum. Manaja ya ce, "Bar mamacin nan a gwangwaninsa." Mako guda muka yi muna aurar da shi. Irin wannan yanke da liƙi na yi shi ya fi a ƙirga, shi ya sa ya shige mini.

"Ka faɗa wa Baffa gaskiya," in ji 'yata.

"Mutum zai shiga hannun likita, in kai masa gawa? Fim ɗinsa ya ce in kawo, shi zan kai."

Alhamis da safe na dire wa Mai Faifai sunaye biyu na ainihi. Da suna a hannu, kafin azahar ya sauko da su duka ya zuba a faifai biyu, yana ta cika baki kamar shi ya gano su. 'Yata ta biyo ni da littafin a jaka, wai ko za a buƙata. Na harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba.

Muka ja labulen ɗakin Tela, muka jawo talabijin har bakin gado. Ya matso, tsakanin hancinsa da gilashin bai fi taƙi ɗaya ba, ya karkatar da kai yana kallo da idon dama. Da Gashin Baki ya fito da fitila ya ce, "Ga ɗan banzan nan!" Ya riƙa faɗin abin da zai faru kafin ya faru. Ni ko kallon ban yi ba, idona na kan lambobin minti, rimot a hannuna. Da hadari ya fara haɗuwa a kan gada na tsayar.

"Faifai biyu ne, bari in canja."

"Yi sauri, tsohon banza. Da ma can haka kake da nawa."

Na sa na biyu, na tura shi daidai inda na auna. Ga teku, ga kwalekwale, ga kiɗa. Ko minti uku ba a yi ba ya ɗaga hannu.

"Tsayar. Koma baya. Nan." Ya ɗora yatsa a wuyan jarumin. "Ɗazu kwalar rigarsa a tsaye take, maɓalli huɗu. Wannan mai kwanciya ce, ba ta da maɓalli. Kuma ya fi ƙiba. Wannan ba telan da ya ɗinka waccan ba ne."

"Mutum ba ya canja riga ranar aurensa?"

"Ya canja wuya ma?" Ya juyo da idon nan guda ɗaya ya ɗora mini. "Ofareta. Fim nawa ne?"

Na kalli 'yata, ta kalli silin. Na ce, "Biyu." Na kwashe labarin mai keke da gwangwani na faɗa masa, ban rage komai ba.

Na zaci zagi zai biyo baya, har na shirya. Sai ya kama murza bakin zanin gado.

"Mai ɗakina ta faɗa," ya ce. "Tun a hanyar komawa gida ta ce mini, Malam, wannan fim biyu ne aka haɗa, wancan mutumin mutuwa zai yi, ba ka ga hadari ba? Na ce mata yau kika fara shiga silima za ki koya mini kallo? Abokina ne ke haskawa. Shekara talatin da biyar, duk ranar da zancen ya taso sai mun yi. Har yara suka san shi. Ni tela, ni ne ban ga kwala ba."

"Amarya kake kallo ranar, ba kwala ba."

"Rufe mini baki." Ya juya wajen 'yata. "'Yar nan, an ce da littafi kuka gano. Karanta mini abin da ya ce, da bakin wanda ba maƙaryaci ba."

Ta buɗe ta karanta masa, tana juyawa a hankali, har ambaliya, har fitila, har tauraro huɗu.

"Ɗayan fa?"

"Ɗaya da rabi, Baffa."

"Ka ji. Ƙarshen ɗaya da rabi ka liƙa wa mai huɗu, ka sa na yi ta gardama da baiwar Allah." Ya share idon da bayan hannu, ya gyara zama. "Minti nawa ya rage a na gaskiyar?"

'Yata ta duba littafi, ta duba lambar da na tsaya. "Ashirin da shida."

"Cire wannan auren. Sa mini wanda marigayiya ba ta gani ba."

Na mai da faifan farko, na kai shi inda muka tsaya. Hadari ya dawo kan gada. Tela ya ƙara matsawa har numfashinsa yana dusashe gilashin, ya sa hannun riga ya goge.

"In ka taɓa rimot ɗin nan kafin a rubuta ƙarshe," ya ce, bai ko juyo ba, "sai na karya maka yatsu. Ba wa yarinyar ta riƙe."

Na miƙa mata.